'Yata ta nace sai na saya mata ukulele, ina neman shawara

Maman Ilham, Kaduna:

Assalamu alaikum jama'a. 'Yata ta biyu tana aji ɗaya na babbar sakandare, kuma ta tasa ni gaba sai na saya mata wata 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu, wai ita ukulele. A wayata take kallon sa'anninta a TikTok da YouTube suna kaɗawa suna waƙa. Ran Asabar wata ƙawarta ta zo gidanmu da tata, wadda yayanta ya kawo mata tsaraba daga Malesiya. Na karɓa na jujjuya, ba nauyi ko kaɗan, tsawonta kamu ɗaya ne da 'yar ɗoriya. Yarinyar ta kaɗa mana a falo, daɗi kam akwai, kuma babu hayaniya.

Babanta bai hana ba, sharaɗinsa dai a cikin gida, bayan an dawo daga Islamiyya an gama aikin makaranta. Yarinyar tana da murya, tana rubuta 'yan waƙoƙinta a bayan littafi, ba na so in kashe mata gwiwa. Tsorona kada in zuba kuɗi a kayan wasan yara. Abin kiɗa ne na gaske? Me ya sa yaran yanzu suka raja'a a kanta haka? Ko jita zan saya mata kawai a wuce wurin? In kuma ita ɗin ce, me zan duba kafin in biya?

Malamin Jita, Jos:

Wa alaikumus salam Hajiya. Jita nake koyarwa, kuma 'yan shekarun nan yaran da ake kawo mini da ukulele a hannu sai ƙaruwa suke, yawancinsu mata. Ki saya mata. Abin kiɗa ne na gaske, kuma ga yarinyar da waƙa ce a ranta, ta fi jita dacewa a farkon tafiya.

Ga dalili. Jitar da aka fi samu a kasuwa tsirkiyarta shida ce, ta ƙarfe. Sabon ɗalibi yana danna ta, kan yatsunsa ya yi ja, layin tsirkiya ya kwanta a fatar, wani har ya yi bororo. Kafin yatsu su yi kanta, da yawa sun gudu, kuma abin yana damuna don a cikinsu akwai masu baiwa. Ukulele tsirkiyarta ta nailan ce, mai laushi. Yarinya ta sa yatsa ɗaya a gaɓa ta uku (gaɓoɓi su ne tsakanin ƙarafan da aka jera a wuyanta) ta tsirkiyar ƙasa, ta shafa duka huɗun, ta samu haɗin sautin da ake kira C. Ta mayar da yatsa ɗaya gaɓa ta biyu ta tsirkiyar sama, ga Am. F yatsu biyu, G yatsu uku. Da waɗannan huɗun ake raka ɗimbin waƙoƙin da take ji a waya. A zama na farko yaro yake jin abin da ya yi kama da waƙa yana fita daga hannunsa, kuma wannan ne ke dawo da shi gobe. Sautinta kuma ba ya danne murya, mai waƙa tana jin kanta.

Batun yayinta kuwa, intanet ce ta hura wutar. A 2006 aka ɗora bidiyon wani ɗan Hawai, Jake Shimabukuro, yana zaune a wani lambu a New York yana kaɗa ta, lokacin YouTube na jaririya. Duk mai cewa abin wasa ce ya nemi wannan bidiyon ya kalli yatsun mutumin. A 2016 Grace VanderWaal ta lashe gasar America's Got Talent tana 'yar shekara 12, da ukulele da waƙoƙin da ta rubuta da kanta. Mawaƙiya Billie Eilish ma da ita ta fara haɗa waƙa tana ƙarama, har kamfanin ƙera jita na Fender ya fitar da samfuri mai sunanta a 2020. A shekarar kuma aka yi kullen korona, yara na zaune a gida, ga abu mai araha da ake koya daga waya. Ga ta ƙarama, tana shiga hoton bidiyo tare da fuskar mai kaɗawa, tana shiga jakar goyo. 'Yarki ba ita kaɗai ba ce.

Sai dai tsoronki yana da tushe, don kasuwa cike take da na bogi masu fenti kala-kala, waɗanda a shagon kayan wasa ake sayarwa. Irin wannan ba ta riƙe saiti, yaro ya danna daidai ya ji sauti ya karkace, ya ɗauka shi ne bai iya ba. Ki je shagon kayan kiɗa, in da hali da wanda ya iya jita. A duba 'yan makullan da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya, a zaɓi masu giya a baya, sun fi riƙewa. A kaɗa tsirkiya a sake, sannan a danna ta a gaɓa ta 12, sautin ya zama shi ne dai amma sama; in ya kauce, a ajiye ta. A shafa gefen wuyanta, kada ƙarafan gaɓoɓin su karci hannu. Kuma kada tsirkiya ta yi nisa da wuya har sai an yi dambe kafin a danna.

Girma huɗu ne: soprano, wajen santimita 53, sai concert, wajen 58, sai tenor da baritone. Ga budurwa kamar 'yarki na fi son concert, yatsu sun fi samun wuri. Wani abu da masu bidiyon Turai ba za su gaya miki ba shi ne hunturunmu. Mai tsadar da aka yi da tsantsar katako tana iya tsagewa in iska ta bushe, na ga wadda fuskarta ta dare daga gindin tsirkiya har ƙasa a watan Janairu a nan Jos. Ta katakon da aka manna hawa-hawa ta fi araha, ta fi jure yanayinmu. A riƙa mayar da ita jakarta, kada a bar ta a mota ko jikin taga.

Sabuwar tsirkiyar nailan tana miƙewa, sati ɗaya ko biyu za ta yi ta sauka ana ɗaurewa. Ba lalacewa ba ce. Ta sauke manhajar saita sauti a waya, tsarin G, C, E, A ne. In daga baya ta so jita, yadda ake jera yatsu iri ɗaya ne da na tsirkiya huɗun ƙasa na jita, sunayen ne kawai ke canzawa.

Anti Bilki, Kanada:

Maman Ilham, ki kwantar da hankalinki. A nan makarantar firamare ce ma ta koya wa ɗana, ajinsu gaba ɗaya kowa da tasa. Abin ya daɗe a ƙasar nan, tun ƙarshen shekarun 1960 wani malami, Chalmers Doane, ya shigar da ita makarantun birnin Halifax, kuma da ita suke koyon karanta rubutun kiɗa. Takardar da ya zo da ita gida ce ta sa na san tarihinta: 'yan ci-ranin Fotugal daga tsibirin Madeira suka sauka Honolulu, babban birnin Hawai, a 1879 da ƙananan jitocinsu, kafintoci uku a cikinsu suka fara ƙera ta, Sarkin Hawai Kalakaua ya rungume ta a fadarsa, sannan baje-kolin San Francisco na 1915 ya watsa ta a Amurka.

Shawarata ɗaya, a matsayina na uwa: ki ba ta ukulele, amma ɗora bidiyo a bari sai ta ƙara hankali. Koyo daban, nuna fuska ga duniya daban.

Baba Na-Maraɗi:

Ni ban ƙi ba, Allah ya sa albarka. Amma raina yana sosuwa. Muna da gurmi, muna da garaya da molo. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak ya zaga duniya. Yau jikokinmu sun san abin kiɗan wani tsibiri a tsakiyar teku, amma a miƙa musu gurmi ba su san ta inda ake riƙewa ba. A unguwarmu mai gurmi ɗaya ya rage, ya tsufa, 'ya'yansa duk sun kama wata sana'a. Malam, kai da kake koyarwa, wa zai gaje su?

Malamin Jita, Jos:

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce. Yaran nan abin da suka samu a gabansu suka ɗauka. Ukulele tana shago, saitinta ɗaya ne a duk duniya, darussanta sun cika waya kyauta. Gurmi kuwa sai ka san mai haɗa shi, sai ka zauna gaban makaɗi, kuma a wurinmu kiɗa gado ne na wasu gidaje, ba kowane uba zai bar 'yarsa ta je can ba.

Abin da nake yi da ɗalibaina shi ne wannan. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sautuka biyar suke tafiya. Tsirkiyoyin ukulele a sake suna ba da huɗu daga cikin irin wannan jeri, G da C da E da A, na biyar ɗin, D, yana gaɓa ta biyu ta tsirkiyar C. Sai in hana su shafa tsirkiya gaba ɗaya irin na bidiyo, in ce su tsinka ɗaya-ɗaya da babban yatsa da manuni, su nemo karin waƙar gaɗa ko ta daka da suka ji a bakin kakarsu. Kunnensu ya riga ya san hanyar, ba sa daɗewa suke kamawa. Ba za ta yi amon gurmi ba, fata da ƙwarya suna da muryarsu, amma yaron da ya saba bin karin Hausa da yatsa, ranar da ya riƙe gurmi ba zai zama baƙo ba.

Roƙona gare ka, Baba: ka sa wani jikanka ya je wurin dattijon nan da izininsa, a ɗauke shi a waya yana ɗaura tsirkiya, yana saitawa, yana kaɗawa a hankali, kyamara a kan yatsunsa. A tambaye shi kuma nawa zai haɗa sabon gurmi. Ina son guda biyu don ajina, kuɗin mota daga Maraɗi zuwa Jos a kaina.