Ƙanena yana Abadin, yana cewa zai dawo gida. Me zan yi?

Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka yi karatu a Birtaniya ku taimaka mini da shawara.

Ƙanena ya gama ABU a nan Zariya, ya tafi Abadin ta ƙasar Sikotilan yin digiri na biyu a watan Satumba. Da farko yana murna. Tun shigar Disamba komai ya canza. Ya ce rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, yana fita aji cikin duhu ya dawo cikin duhu, azahar, la'asar da magariba duk suna cin karo da lakca. Abin da ya fi cinsa kuwa kaɗaici ne. Yaron da ya tashi a Tudun Wada cikin jama'a, yanzu maƙwabcin ɗakinsa ko sannu ba ya yi masa. Barci ya ƙaurace masa, abinci sai burodi da shayi.

Jiya ya ce mini, "Yaya, ni na gaji, zan dawo." Fili Baba ya sayar aka biya kuɗin makarantar, shi ya sa na kasa faɗa wa Baba wannan maganar.

Wannan kewar gida ce da ke wucewa, ko in matsa masa ya ga likita? Kuma akwai Hausawa a garin da za su riƙa leƙa shi?