An sa mini ranar aiki, barci ya ƙaurace mini

Ɗan Ƙaura: Assalamu alaikum. Likita a Gusau ya ce sai an yi mini aikin gwaiwa, kuma kuɗin yana hannuna, amma tun da aka sa rana nake kwana ina tunanin za a yi mini allurar barci in kasa farkawa. In je, ko in ɗage har hankalina ya kwanta?

'Yar Mafara: Ƙanena, fara neman kuɗi, domin naira dubu 150 maigidana ya biya.

Na Tsafe: Hajiya, mu dubu 80 aka karɓa har da magani.

Dattijon Bunguɗu: Ɗana, kada ka ɗage. Yayana haka ya yi ta ɗagewa saboda tsoro, har hanji ya maƙale masa da tsakar dare, lokacin da babu direban da zai hau hanya saboda 'yan bindiga. Muka jira asuba yana amai yana salati. Da muka isa asibiti aka ce mai yin aikin ba ya nan, mu wuce Sakkwato, kuma a hanya rai ya yi halinsa. Marayunsa suna gidana, har yau ina jin muryarsa.

Malamin Zaure: Allah ya jiƙansa, Baba. Ɗan Ƙaura, ka yi istihara, ka riƙe aya ta 51 a Suratut Tauba, cewa babu abin da zai same mu sai wanda Allah ya rubuta mana. Manzon Allah (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, saboda haka zuwa asibiti yana cikin tawakkali.

Malamar Jinya: Sau da yawa allurar kashin baya ake yi, mutum yana farke. Ka tambayi likitanka, shi ya san jikinka.

Na Tsafe: Mai bin hanyar Funtuwa kowane mako shi ne allura ta firgita?

'Yar Mafara: Malama, ku ma'aikata kullum sauƙaƙa abu kuke yi, wanda aka yanka shi ya kamata a saurara.

Malamar Jinya: Hajiya, ni ce nake tsaye a kansu har su farfaɗo.

Dattijon Bunguɗu: To, Malama, me ya sa da dare ba a samun likita a asibitocin ƙananan hukumomi? Talaka sai ya zaɓi lokacin da ciwo zai kama shi?