Tarihin marigayi tsohon soja kuma ma'aikacin gwamnati: ta ina ake farawa?

Jikanya:
Assalamu alaikum. An ɗora mini rubuta tarihin wani dattijo da ya rasu, wanda ya yi soja sannan ya daɗe yana aikin gwamnati har ya yi ritaya. Za a karanta taƙaitacce a taron tunawa da shi, cikakken kuma a buga ɗan littafi. Abin da ke hannu shi ne akwatin takardu, lambobin yabo huɗu, da hotunan da ba rubutu a bayansu. 'Yan gida kuwa kowa da shekarar da yake faɗa. Ta ina zan fara, kuma maganar wa zan kama?

Magatakarda:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa. 'Yar'uwa, ki fara da takarda kafin ki je wa mutane. Fayil biyu gare shi, na soja da na farar hula, kuma ofisoshi daban ne ke riƙe da su.

A ɓangaren soja ki nemo takardar sallama. A cikinta akwai lambarsa ta soja, ranar shiga, ranar fita, muƙamin da ya fita da shi da dalilin sallamar. Lambar nan ita ce komai, domin suna yakan canza rubutu daga takarda zuwa takarda, lamba kuwa ba ta canzawa sai in kurtu ya zama hafsa, inda a ƙasashe da yawa ake ba shi sabuwa. A ɓangaren farar hula ki ware takardar kama aiki, ta tabbatar da shi a aiki, takardun ƙarin girma da na canjin wurin aiki, sai ta ritaya.

Ki ja layi uku a takarda: shekara, abin da ya faru, da takardar da ta nuna haka. Duk abin da layinsa na uku ya zauna fanko, ba a tabbatar da shi ba tukuna. Inda aka fi tafka kuskure shi ne riƙon ƙwarya. Mutum zai riƙe kujerar darakta na wata shida, gida su yi ta kiransa darakta har ƙarshen rayuwarsa, alhali a mataimaki ya yi ritaya. Ki rubuta “ya riƙe”, ba “ya zama” ba. Haka nan kada ki tara shekarun soja da na farar hula kai tsaye, don wani lokaci ana ba da aron soja ga wata ma'aikatar gwamnati yana cikin kaki, sai shekarun su hau kan juna.

In ofis ya ce fayil ya ɓata, ba ƙarshen magana ba ke nan. Ko a Amurka, gobarar ranar 12 ga Yuli 1973 a ma'ajiyar takardu ta birnin St. Louis ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 da 18 na sojoji, kuma da takardun albashi da makamantansu ake sake gina bayanan. Ke ma ki nufi ofishin fansho, don ba sa biya sai sun lissafa ranar shiga da ta fita.

Tsohon Saje:
Malam Magatakarda ya gama da takardu, bari in taɓa lambobin yabon da hotunan. Ki juya kowace lamba ki duba bayanta da gefenta da madubin ƙara girma, wasu ana zana suna da lambar soja a jiki. In akwai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, galibi tagulla ce iri ɗaya, launin ƙyallen da ta rataya a kai ne ke nuna inda aka yi aikin, kuma yawanci sai an cika kwana 90 ake ba da ita. Aikin Kongo na farko daga 1960 zuwa 1964 aka yi shi, na Lebanon ya fara a 1978, to ƙyallen kaɗai zai ba ki zango. Saboda haka kada wanda ya canza shi wai don ya koɗe, kuma kada a goge ƙarfen da man goge ƙarfe irin Brasso, yana cinye zanen.

Hoto kuma ki dubi hannu da kafaɗa. A tsarin da aka gada daga Birtaniya, igiya biyu kofur ne, uku saje. Anini biyu laftana, uku kyaftin. Ki gwada da ranakun ƙarin girma, hoton zai faɗi shekarunsa da kansa.

Amma ban yarda a bar mutane sai ƙarshe ba. Takarda tana jira, abokan aikinsa tsofaffi ne. Ki same su a makon nan, ɗaya bayan ɗaya, kada zama ya wuce awa guda, ki ɗauki murya da izininsu. Kada ki ce “wane irin mutum ne shi”, za su ce mutumin kirki ne su yi shiru. Ki miƙa hoto ki ce wane ne wannan na hagu, me aka je yi ranar. In ya zo kan yaƙi mutum ya kau da kai, ki bar shi.

Mai Adana:
Don Allah kada a kai takardun a manne su da roba mai zafi. Zafin da gam ɗin suna shiga cikin takardar, ba a iya cirewa. Ki zare ƙusoshin da suka yi tsatsa, kada ki liƙa salatif a inda ya yage. Takarda ki sikana ta a dpi 300 (dpi shi ne ma'aunin kaifin hoto a na'urar sikana), ƙananan hotuna a 600, gaba da baya, don sau da yawa tambarin kwanan wata a baya yake. Kwafi uku a wurare daban. Rubutu a bayan hoto da fensir mai laushi, biro yana hudowa.

Jawabin taro kada ya wuce kalma 600, wajen minti biyar ke nan. Jerin muƙamai ki bar wa littafin.

Jikanya:
Na gode ƙwarai. Sai ga wata: takardar sallama da ta ritaya sun saɓa a shekarar haihuwa, tazarar shekara uku.

Magatakarda:
Wannan ba baƙon abu ba ne. Yaro yakan ƙara shekaru don a ɗauke shi soja, wani kuma ya rage lokacin kama aikin farar hula don ritaya ta yi nisa. Ki nemi takardar da ta girmi duka biyun, kamar rajistar makarantar firamare. In babu, a jawabi ki ce “wajen shekara kaza”, a littafi ki kawo duka biyun da inda kowace ta fito. Lambarsa ta soja da ta fansho kuma kada su shiga littafin ko intanet muddin magada ba su gama karɓar haƙƙinsa ba, da su 'yan damfara ke amfani.