Takardar mallakar ƙirƙira a harkar manhaja: tana taimako ko tana hana ruwa gudu?

Nasiru:
Assalamu alaikum. Dokar haƙƙin mallakar rubutu ta riga ta hana a kwafi abin da mai haɗa manhaja ya rubuta. To me ya kawo neman takardar mallakar ƙirƙira a kai kuma? Tana ƙarfafa masu sabon tunani, ko manyan kamfanoni kaɗai ke cin moriyarta?

Barista Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Haƙƙin rubutu layukan da ka rubuta kaɗai yake karewa. Wani ya rubuta nasa daga tushe, ya yi aiki iri ɗaya, babu laifi. Takardar ƙirƙira kuwa dabarar kanta take killacewa, shekara 20 daga ranar shigar da buƙata. Ko da kanka ka gano dabarar, ba ka taɓa jin labarin mai takardar ba, zai iya maka ka a kotu.

A nan manhaja ke shan wuya. Yawanci sai bayan wata 18 ake bayyana buƙatar, ke nan kana iya gini a kan abin da wani ya riga ya nema ba ka sani ba. A Amurka kuma, idan kotu ta ga da gangan ka keta, tana iya ninka diyya har sau uku, shi ya sa lauyoyi kan hana injiniyoyi karanta takardun. Alhali dalilin ba da takardar shi ne mai ita ya fayyace dabararsa jama'a su koya.

Dokokin ba ɗaya ba ne. Sashe na 52 na yarjejeniyar Turai kan takardar ƙirƙira ya cire manhaja zalla daga abin da ake ba takarda, sai an nuna ta warware wata matsalar fasaha. A Amurka hukuncin kotu a shari'ar State Street na 1998 ya buɗe ƙofar ba manhaja takarda, sannan a 2014 Kotun Ƙoli ta rage faɗinta a shari'ar Alice da CLS Bank: ɗora tsohon tunani a kan kwamfuta bai isa ya zama ƙirƙira ba.

Injiniya Bashir:
Barista ta gama da doka, ga abin da ke faruwa a aikace. A ƙarshen 1994 aka sanar cewa kamfanin Unisys zai riƙa karɓar kuɗi kan dabarar LZW da ke matse hotunan GIF, bayan kowa ya riga ya saba da su. Dole masu haɗa manhaja suka ƙirƙiro wani tsarin hoto, PNG, a madadinsa. Haka aka yi da bidiyo: lasisin HEVC, wani tsarin matse bidiyo, ya rarrabu tsakanin ƙungiyoyi daban-daban, kamfani bai san nawa zai biya gaba ɗaya ba, sai Google, Netflix, Mozilla da wasu suka haɗu a 2015, suka fitar da nasu tsarin, AV1, a 2018. Wasu na cewa ai hakan ma ci gaba ne. Ni ban yarda ba, ƙarfi ne aka kashe wajen kewaya katanga.

Takardar Amazon ta sayayya da latsawa ɗaya, ta 1999, ba ta ƙare ba sai 2017. Manhaja nawa ce ke kai shekara 18 ana amfani da ita?

Dakta Aminu:
Injiniya, kada mu haɗa kowa da kowa. Dabarar ɓoye saƙo ta RSA ta samu takarda a 1983, kuma lissafi ne takamaimai da aka bayyana filla-filla. MP3 ma binciken shekaru ne a cibiyar Fraunhofer ta Jamus, kuɗin lasisi ya mayar da abin da aka kashe. Ɓarnar tana zuwa ne idan takarda ta mallake sakamako, ba hanyar kaiwa gare shi ba. Irin waɗannan ne kamfanonin da ba sa ƙera komai ke saye don kai ƙara. A 2006 masu ƙera wayar BlackBerry suka biya NTP, ɗaya daga cikin irin waɗannan kamfanoni, dala miliyan 612.5 don gudun a dakatar da aikinsu a Amurka. Watanni kaɗan bayan nan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar kamfanin eBay ya sa kotu ta daina ba da umarnin dakatarwa kai tsaye.

Malam Nasiru, idan wasiƙar barazana ta zo maka, fara da jerin iƙirarin da ke ƙarshen takardar, don su ne iyakar abin da aka mallaka. A ƙa'ida sai manhajarka ta ƙunshi kowane sashe na iƙirari guda kafin a ce ka keta. Duba ƙasar da ta bayar, domin ba ta aiki a wajen iyakarta, ka kuma duba ko an ci gaba da biyan kuɗin sabuntawa. Daga nan nemi duk abin da aka wallafa kafin ranar shigar da buƙatar, shi ke rushe ta. Kada ka amsa wasiƙar sai lauya ya gani.

Injiniya Bashir:
Na yarda da batun RSA, Dakta. Ƙari ɗaya ga masu buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa ke iya gani da gyara layukanta: lasisin Apache 2.0 ya rubuta ƙarara cewa duk wanda ya ba da gudummawa ya ba da izinin takardunsa da suka shafe ta, wanda kuma ya kai ƙara a kan manhajar ya rasa wannan izini. Lasisin MIT bai ambaci haka ba.