Neman kalmar Hausa: me za mu kira ciwon da ke biyo bayan inzali?

Mai tambaya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Manya a gafarce ni, maganar tana da nauyi a baki, amma wanda ya ɓoye ciwonsa ya ɓoye maganinsa. Kalma nake nema. Shekara tara ke nan ina fama da wani ciwo da ban san sunansa da Hausa ba.

Duk sanda na yi inzali, ko ta kusantar iyali ko ta mafarki, kafin awa guda hanci ya toshe, idanu su kaɗa suna ƙaiƙayi, gaɓoɓi su yi tsami kamar an yi mini dukan taɓarya. Washegari kai ya yi dum. Ni malamin lissafi ne. Na taɓa tsayawa gaban allo da alli a hannu ina neman kalmar "ninka", wadda bakina ya saba da ita kamar sunana, ta ɓace mini ɓat. Yara suka yi tsit suna kallona, sai da wata yarinya a layin gaba ta faɗe ta a hankali. Haka zan kwana uku, wani lokaci biyar, sannan abin ya sake ni da kansa.

Da Turanci sunansa post-orgasmic illness syndrome, a taƙaice POIS. Wasu likitoci biyu 'yan ƙasar Holan, Marcel Waldinger da Dave Schweitzer, su suka fara bayyana shi a rubuce a 2002, a kan maza biyu da suka duba. An ce yakan ɗauki kwana 2 zuwa 7. To ni POIS ba ta yi mini amfani a gida ba, ba ta yi mini a ɗakin likita ba. Me za mu kira shi?

Mai kemis, Rigasa:
Malam, Allah ya sawwaƙe. Amma ai wannan sanyi ne, kullum muna ganin irinsa.

Mai tambaya:
Ɗan'uwa, na san da alheri ka faɗa, amma wannan kalmar ita ta cinye mini shekara huɗu. Da zarar an ce "sanyi", abu biyu ne ke biyo baya: kafso da zargi. Na sha maganin kashe ƙwayoyin cuta har bakina ya daina jin ɗanɗanon abinci. Iyalina ma aka sa ta sha, baiwar Allah, alhali lafiyarta ƙalau. Gwajin fitsari da na jini duk suka fito fes. Daga nan aka koma taifod, aka koma maleriya, wani ya ce basir ne ya hau sama, wata gwaggona ta ce aljana ce ta aure ni. Kowane suna da kuɗinsa na biya. Ciwon da ba shi da suna kamar gonar da ba shinge ce, kowa ya zo sai ya ɗaure akuyarsa a ciki.

Wani matashi, Kawo:
Yaya, me zai hana a ce zazzaɓin janaba? Gajere ne, kowa zai gane.

Malamin Islamiyya, Unguwar Sarki:
Ɗana, kunne zai so wannan, amma ban yarda da shi ba. Janaba hukunci ce ta shari'a, ba halin jiki ba. Tana hawa kan mutum da saduwa ko da bai fitar da komai ba, kuma wanka yana ɗauke ta. Wannan bawan Allah ya yi wanka, ya yi sallar asuba, ciwonsa na nan. In ka haɗa ciwo da janaba, gobe wani zai ce masa wankansa ne bai inganta ba, ka ƙara masa waswasi a kan jinya. Inzali ita ce kalmar. Larabci ce asalinta, ma'anarta saukarwa, kuma ta daɗe da zama a bakinmu ta hanyar karatun tsarki. Ana faɗinta a gaban ɗalibai maza da mata ba wanda ya sunkuyar da kai.

Ma'aikaciyar jinya, Barnawa:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi inzali. Ni da farko na so in ce borin maniyyi, tunda muna da borin jini, wato jiki ya ƙi wani abu ya tayar da ƙura. Akwai dalili kuwa. A 2011 Waldinger da abokan aikinsa sun nazarci maza 45 a Holan. An ɗan tsaga fatar 33 daga cikinsu aka ɗiga musu nasu maniyyin da aka tsarma, fatar 29 ta tashi. Daga nan ra'ayin cewa garkuwar jikin mutum ce ke faɗa da ruwan jikinsa ya samu gindin zama.

Sai dai na janye shawarata da kaina. Daga baya an samu masu lafiya ma waɗanda fatarsu ta tashi a irin wannan gwajin. Wasu masana suna duba wajen sinadaran ƙwaƙwalwa, wasu jijiyoyin da ke tafiyar da jiki ba da saninmu ba, wasu ƙarancin sinadarin mazakuta. Ba a gama magana ba. In muka sa "bori" a suna, mun yanke hukuncin da likitoci ba su yanke ba. Ga kuma wata matsala daban da ta fi cancantar wannan sunan: mace wadda jikinta ke ƙin maniyyin mijinta, ta yi ta ƙaiƙayi da kumburi bayan saduwa. A bar mata shi.

Wani ɗan kasuwa, Kasuwar Barci:
Kasalar bayan saduwa fa?

Mai tambaya:
Alhaji, da kasala ce da ban ɗaga murya ba. Kasala kowane namiji yana yi, ya yi barci ya tashi garau. Ranar da na ce wa wani likita "kasala nake ji", murmushi ya yi ya ce in riƙa cin ayaba da madara. Ban ga laifinsa sosai ba, kalmar da na miƙa masa ita ya yi wa magani. Sannan "saduwa" ta bar mafarki a waje, ta bar samari marasa aure a waje, su kuwa su ne suka fi shan wuyar shiru. Akwai waɗanda tun inzalinsu na farko a lokacin balaga abin ya kama su, akwai irina da ya same mu da girma.

Malamin Hausa, Malali:
Bari in sa baki. Rabin sunan ya zauna: bayan inzali. "Bayan" tana da kyau domin lokaci kawai ta nuna, ba ta ce ga sanadi ba. Kuma inzali ta fi maniyyi fāɗi, tunda an samu rahoton mata ƙalilan masu irin wannan.

Saura kalmar farko, kuma nan ne aikin yake. Muna da cuta, ciwo, masassara, lalura. Cuta tana sa a ja da baya, a fara tunanin ana ɗauka, kuma a Hausa cuta tana nufin zalunci, sai ka ji kamar akwai wanda ya cuci wani a shimfiɗa. Ku tuna yadda "ƙanjamau" ta zama abin gori, har gidajen rediyo suka fi son cewa cuta mai karya garkuwar jiki. Suna yana iya korar mara lafiya daga asibiti. Ciwo kuwa yana neman wuri: ciwon kai, ciwon ciki, ciwon mara. Ka ce ciwon inzali, za a ɗauka zafi ake ji a lokacin fitarsa, wannan kuwa wata matsala ce dabam. Masassara ta fi kowacce zana hoton mutumin, ya duƙunƙune cikin bargo jiki na tsami, kuma raina ya so ta. Amma a garin nan masassara hanya ɗaya take bi, ta kemis, a sayo maganin maleriya.

Lalura ce ta rage, ko larura ga masu faɗin haka. Tana ɗaukar tarin alamu ba guda ɗaya ba, wanda shi ne abin da "syndrome", kalmar ƙarshe ta sunan Turancin, take nufi. Muna cewa lalurar yoyon fitsari, kuma wannan suna, da ya faɗi abin da ake gani ba tare da zagi ba, ya taimaka wa mata da yawa suka fito neman a yi musu aiki a asibiti. Ni dai: lalurar bayan inzali.

Wani matashi, Kawo:
Malam, bai yi tsawo ba?

Malamin Hausa:
Zazzaɓin cizon sauro ma kalma uku ce, kuma ba wanda ya gaji da ita.

Wata uwargida, Badarawa:
Ku yi haƙuri in shigo maganar maza. Maigidana haka yake, kuma sai yau na ga an rubuta shi da Hausa. Shekarun farko na ɗauka ƙina yake yi. Daren jiya lafiya lau, da safe in kai masa koko ya juya wa bango fuska, in yi magana ya amsa da faɗa. Na canza turare, na canza girki, har gida na je na yi kuka. Ba wanda ya ce mini jinya yake yi, shi ma bai san yadda zai ce ba. Ina goyon bayan lalura saboda mai lalura uzuri ake yi masa. In miji ya ce wa matarsa "ina da lalura", ta san zama za ta yi su nemi mafita tare, ba kishiya za ta fara nema a wayarsa ba.

Mai tambaya:
Hajiya, kin sa na ajiye waya na yi shiru. Abin da kika faɗa shi iyalina ta sha, kuma sai da na zaunar da ita na karanta mata bayanin ciwon layi-layi ina fassarawa kafin gidanmu ya dawo daidai.

Ga wanda ke karantawa bai yi magana ba, ga yadda muke lallaɓawa. Har yanzu babu maganin da aka tabbatar yana warkar da kowa. Likitoci sukan gwada maganin borin jini ko na rage kumburi da raɗaɗi, wasu su auna sinadarin mazakuta, wani ya dace wani bai dace ba. Ni na borin jini yana rage mini toshewar hanci da ƙaiƙayin ido, bai taɓa nauyin kai ba, kuma likita ne ya rubuta mini, ba mai lasifika a bakin tasha ba. Sauran kuwa tsari ne. Tun da aka mayar da aikin gwamnatin jihar nan ta Kaduna kwana huɗu a mako a ƙarshen 2021, makarantu suka bi baya, daren Juma'a ya zama namu, wato Alhamis da dare. Juma'a da Asabar in yi jinyata, Lahadi in fara dawowa, Litinin in shiga aji da kaina a wuyana. Mafarki ne kawai ba ya bin jadawali, ranar da ya zo sai in ba yara aikin rubutu in zauna.

Ina da ƙaramin littafi mai bangon shuɗi da nake rubuta rana, da awa nawa kafin abin ya fara, da alamun da suka zo, da ranar da ya sake ni. Shi ya sa likitan da nake gani yanzu ya daina aika ni gwajin taifod, domin ya ga wata takwas a jere abu ɗaya na bin abu ɗaya. Shafin farko na littafin babu komai a samansa, na bar gurbin tun ranar da na saye shi. Na karɓi shawarar Malam. Yanzu na rubuta a wurin: lalurar bayan inzali. Ranar Talata ina da ganin likita, da wannan sunan zan fara masa bayani.

Ma'aikaciyar jinya:
Malam, ka rubuta POIS a ƙarƙashinsa da ƙananan baƙaƙe, don likitan ya samu abin bincikawa. Ni ma gobe zan kai wa abokan aikina na sashen maza sunan.