Me za mu kira zanen da ke nuna wa ƙudan zuma hanya a jikin fure?

1/ Ina neman Hausar abin da Turawa ke cewa "nectar guide": layuka ko ɗigo-ɗigon da ke kan ganyen fure, duk sun nufi tsakiya inda ruwan zaƙi yake.

2/ Wani Bajamushe mai nazarin tsirrai, Christian Konrad Sprengel, shi ne ya bayyana aikinsu a littafinsa na 1793, ya sa musu suna Saftmal, wato tabon ruwan zaƙi. Shi ma ƙirƙira ya yi, to mu me zai hana mu?

3/ Kafin a raɗa suna, a ga aiki tukuna. Ɗauki zuman nan ƙato mai gashi, ɗan jinsin Bombus. Nau'insa ya kai kusan 250, yawancinsu a ƙasashen sanyi, babu shi kudu da Sahara, shi ya sa shi kansa ba mu da sunansa. Idan ya sauka a kan furen roba da masu bincike suka ja wa layuka, sai ya bi layin ya cusa harshe cikin ramin zaƙin nan da nan. Wanda ba zane kuwa, sai ya yi ta lalube a gefe. Ga mai ziyartar ɗaruruwan furanni a wuni, daƙiƙa ɗaya ba wasa ba ce. Furen ma ya ci riba, don zuman ya shigo ta ƙofar da zai gogi garin furen, wato ƙurar da fure ke barbara da ita, ba a huda shi ta baya an sace zaƙin ba.

4/ An ce "zanen fure". Ya yi faɗi, har adon atamfa ya shiga. Kuma wani zanen ma idonmu ba ya ganinsa, yana cikin hasken ultrabayolet da zuma ke gani.

5/ "Tsagen fure" ya burge ni, ba ƙarya. Amma tsage asali yake faɗa, ba ya nuna hanya.

6/ "Jagoran zuma" kuma rikici ne: zumar sha ko ƙudan? Ga tsuntsun da ke kai mutane amya yana jiran sunan.

7/ Ni dai na tsaya a kan "manuniyar zaƙi", kamar yatsa manuniya. A gwada ta a baki: "Zuman ya bi manuniyar zaƙi har cikin furen." Ta zauna, ko akwai mai gyara?