Abin da aka tattara kan ziyarar Amritsar da Varanasi

Jama'a, zancen da muka yi kan ziyarar wuraren ibada a Indiya ya yi tsawo, ga abin da na tsinta domin masu zuwa Indiya karatu ko jinya da ke son leƙa wuraren ibadar mabiya addinin Sikh da na Hindu.

1. Lokaci: kowa ya yarda a je tsakanin Oktoba da Maris. Zafin Mayu ba wasa ba ne, ko ga ɗan Sakkwato.

2. Haikalin Zinariya na garin Amritsar, babban wurin ibadar mabiya Sikh, a buɗe yake ga mai kowane addini. Za ka cire takalmi, ka taka ruwan da ke bakin ƙofa, ka rufe kai, namiji ko mace. Kada a shiga da taba. Akwai ɗakin da ake ciyar da dubban mutane kyauta kullum, a zaune a ƙasa sahu-sahu, gurasa da miyar wake, babu nama. Daga Delhi jirgin ƙasa na yin kusan awa 6.

3. A Varanasi, birni mai tsarki ga mabiya Hindu, a ɗauki kwalekwale da asuba a kogin Ganga, a yi ciniki kafin a hau. Wurin ƙona gawa na Manikarnika kuwa, a ajiye waya, ba a ɗaukar hoto.

4. Haikalin Jagannath da ke Puri, wani gari daban a gabashin Indiya, ba ya karɓar wanda ba Hindu ba.

Inda aka rabu: wasu sun ce Musulmi ya tsaya daga waje kawai, wasu suka ce shiga kallo ba laifi muddin ba a yi sujada ba. Kan abincin da aka miƙa wa gumaka, yawanci sun ce a ƙi karɓa cikin ladabi.